Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Kano Da Hukumomin Hanya Kan Masu Keke Da Ake Takewa A Titi

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kano, Injiniya Abba Kabir Yusuf, tare da Kwamishinan Ayyuka, da Shugaban Hukumar KAROTA mai kula da zirga-zirgar ababen hawa, da Kwamandan Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa mai kula da Jihar Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Direban tirela yana da ƙungiya, direban bas yana da tasa, ɗan adaidaita sahu kuwa in aka taɓa shi da safe, kafin azahar garin nan ya tsaya cik, kamar yadda muka gani a yajin aikinsu na 2021 da na 2022. Talakan da ke neman abinci a kan keke ne kaɗai ba shi da shugaba, ba shi da sakatare, ba shi da ofishin da zai kai kuka. In mota ta take shi, sai a ɗauke gawa, a janye keken gefe, a watsa ƙasa a kan jinin, ababen hawa su ci gaba da wucewa. Shi ya sa na ga ya kamata wani daga cikinmu ya rubuto muku kai tsaye. Ni malamin makaranta ne, da keke nake zuwa aiki, kuma yawancin abin da zan faɗa daga kan sirdi na gan shi.

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. Mutane da yawa suka jingine babur, wasu suka lulluɓe mota da tamfol, aka sauko da kekunan da suka yi shekaru a rataye. Duk mai gyaran keke a garin nan zai gaya muku kasuwarsa ta buɗe. Wanda albashinsa bai wuce naira 70,000 ba, in ya ce kullum sai ya hau adaidaita daga Rijiyar Zaki ko Mariri zuwa cikin gari ya dawo, to a gidansa ba za a ɗora tukunya ba. Don haka masu keken yau ba yara masu zagayen unguwa ba ne kawai. Akwai malamai irina, da masinjoji, da masu gadi, da leburorin Sharaɗa da Bompai da Chalawa, da ɗalibai, da manoman rani da ke tasowa daga ƙauyukan gefen gari tun kafin assalatu, buhun alayyafo ɗaure a kariya, suna sauri su riski kasuwar 'Yan Kaba kafin masu sari su watse.

Keke ba baƙo ba ne a Kano. Iyayenmu sun ga zamanin da ango ke tinƙaho da sabon Raleigh, da zamanin da En'e ke yanka wa keke lamba ana biyanta, har kamfanin Raleigh ya kafa masana'anta a garin nan. Ashe an taɓa yin lokacin da hukuma ta san da zaman mai keke, ko da don ta karɓi kuɗinsa ne. Yau ba ta karɓar komai a hannunsa, ita ma ba ta ware masa ko taku ɗaya na kwalta ba.

Ranka ya daɗe, kai injiniya ne, kuma ka riƙe Ma'aikatar Ayyuka daga 2011 zuwa 2015, don haka ka fi ni sanin yadda ake zana titi. Daga wancan lokaci zuwa yau gwamnatoci uku sun cika Kano da gadoji: ta Ƙofar Nasarawa, ta ƙasa a Gadon Ƙaya da Kabuga da Ƙofar Ruwa, doguwar ta Sabon Gari, ta Dangi, ta Hotoro, ga kuma na Tal'udu da Ɗan Agundi da gwamnatinka ta ɗauko. Ban raina wannan aiki ba, na san yadda cunkoso yake cin ran mutane a wuraren nan a da. Amma a cikinsu ban ga guda ɗaya da aka nuna wa mai keke inda zai bi ba. Tsohon shataletale, duk da takaicinsa, yana tilasta wa kowa ya rage gudu, in an gogi mutum ma sai ya tashi ya kakkaɓe riga. Gada kuwa an yi ta ne don kada mota ta tsaya. In mai keke ya daure ya haye ta, yana saukowa sai ya tarar da hanyar ƙasa ta shigo ta damansa, masu sauka daga gada kuma suna ta hagunsa, kowa a guje. Mutumin da ɗazu yake raɓe a gefe ya wayi gari a tsakiyar titi ba tare da ya karkata ko'ina ba. A nan ake yawan ɗaukar mutane, kuma duk wanda ya zana wurin yana iya hango haka tun yana kan takarda.

Haka shingen tsakiyar titi. An ja shi mai tsawo, an nisanta wurin juyawa. Ga mai mota, zagayen kilomita ɗaya ko biyu aikin minti biyu ne. Ga dattijon da ya ɗauro buhu a baya, cikin ranar watan Afrilu, gumi ne mai yawa. Sai ya zaɓi ya bi hannun da ba nasa ba, ko ya ciccibi keken ya tsallaka shinge a inda motoci suka fi gudu. Ba na cewa ya yi daidai. Ina cewa in aka ga mutum ɗari suna karya doka ɗaya a wuri ɗaya kullum, ya kamata injiniya ya koma ya dubi wurin.

Ana ce mana mu bi gefe. Tun 1972 da ƙasar nan ta koma tuƙin hannun dama, gefen dama shi ne rabonmu. To ku zo ku ga abin da ke cikin rabon namu. Yashin da iska da ruwan sama suka tara yana nan jibge, wani wurin ya cinye fiye da taku uku na kwalta, kuma siririyar tayar keke in ta shiga yashi ba ta jin birki, ba ta jin hannu. Bayan yashin ga kwalbati a buɗe, an sace murfin ko an bar shi a karye. Ga mai tebur, ga mai baro, ga motar da aka ajiye wadda mai ita zai iya banko ƙofa ba tare da ya waiwaya ba. Sannan ga adaidaita. Tun watan Janairun 2013 da aka hana ɗaukar fasinja a babur, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, adaidaita ta zama ƙafar mutanen Kano, kuma ba ta da tasha sai inda fasinja ya ɗaga hannu. Ɗan adaidaita zai wuce ka ta hagu, ya hangi mata biyu suna tsaye, ya yanko gabanka ya taka birki. A wannan daƙiƙar zaɓi biyu gare ka: ka faɗa kwalbati, ko ka kauce hagu. Abin da ke hagun kuwa ba ka gani, sai dai ka ji hucinsa a ƙeyarka. In ƙaramar mota ce, ƙila a tsira da karaya. In tifar yashi ce, sai dai a tambayi inda gidanku yake.

Batun manyan motoci yana buƙatar a tsaya a kansa, don yawancin masu keke ba su san yadda suke kashe mutum ba, wasu direbobin ma ba a taɓa zaunar da su an yi musu bayani ba. Direban tirela yana zaune can sama, a ɓangaren hagu. Duk abin da ke dab da ƙofarsa ta dama da ƙasan hancin motar ba ya ganinsa, ko da madubansa lafiya lau, balle a ce ɗaya ya fashe an ɗaure shi da roba. In zai karya kwana zuwa dama, sai ya fara buɗewa hagu don jikin motar ya samu wuri. Mai keke ya ga fili ya buɗe a dama, ya ɗauka an ba shi hanya, ya kutsa. Kan motar ya juya, tayoyin baya kuma ba sa bin sawun na gaba, suna yanko ciki ne. Jikin motar ya ture shi, ya faɗa cikin wannan fili da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya. Sau da yawa direban bai ma san ya taka komai ba sai da ihun mutane ya tsayar da shi. Birnin Landan ya daɗe yana fama da irin wannan mutuwa, shi ya sa tun 2015 ya wajabta wa manyan motoci sanya shingen ƙarfe a gefe, tsakanin tayoyin, da ƙarin madubai. Shingen nan ba wani abin a zo a gani ba ne, masu walda na Ƙofar Ruwa za su ƙera shi a yini guda. In aka sa shi cikin sharuɗɗan sabunta takardun tifa da tankar ruwa da motocin ɗaukar kaya masu yawo a cikin gari, wanda aka ture zai faɗi waje maimakon ƙarƙashi.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na ƙarshen 2023, ta ce mutum miliyan 1 da dubu 190 ne ke mutuwa a kan hanya duk shekara, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Jimillar ta ɗan ragu daga 2010 zuwa 2021, amma ta masu keke ƙaruwa ta yi da kusan kashi 20 cikin 100, ta kai wajen 71,000. Nahiyarmu ta Afirka ce ta fi kowace yawan mutuwa in aka auna da yawan jama'a, alhali ita ta fi kowa ƙarancin motoci. A nan gida, alƙaluman Hukumar Kiyaye Haɗurra suna yawo ne tsakanin mutum 5,000 da 6,000 da 'yan kai a shekara, ita kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ƙiyasinta ya haura 35,000. Wannan rata mai faɗi ba ƙarya wani ya yi ba. Hukuma tana rubuta abin da ya iso gabanta ne, mai keke kuwa shi ne ya fi kowa saurin ɓacewa kafin a iso. Bas in ta kife a hanyar Zariya, ana ganin jami'ai da 'yan jarida. Mai keke in aka buge shi da hantsi, 'yan'uwa sun ɗauke shi, an yi masa sutura, kafin la'asar an dawo daga maƙabarta. Wanda ya kwana uku a asibiti sannan ya cika, shi ma babu mai komawa ya gyara lissafi. Roƙona ga Kwamandan Kiyaye Haɗurra da Ma'aikatar Lafiya shi ne a haɗa littafi ɗaya da na 'yan sanda da na ɗakunan taimakon gaggawa na Asibitin Murtala da na Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙashi na Dala, a kuma nemi masu unguwanni su riƙa kawo rahoto, tunda babu jana'izar da ake yi ba da saninsu ba. A ƙarshen shekara a fito a gaya wa Kanawa masu keke nawa suka mutu, a wane titi, da wane lokaci, kuma wace irin mota ce. Ina da yaƙinin sunayen wurare kaɗan ne za su yi ta maimaituwa, kuma daga nan za a san inda za a fara.

Akwai wani maƙwabcinmu, mai gadi ne a wani kamfani, magidanci mai 'ya'ya biyar. Yana dawowa daga aikin dare wata motar kaya ta bi ta kansa. Da aka kawo keken gida, ƙafar baya ta nannaɗe kamar an murɗe tsumma, amma kwanon abincinsa yana nan ɗaure a kariya, ko murfin bai buɗe ba. Ranar sadakar uku sai ga mutanen mai motar, sun zo da buhun shinkafa da jarkar mai da 'yan kuɗi a ambulan. Aka yi addu'a, babban cikinsu ya ce ƙaddara ce ta rutsa, kowa da ranarsa. Yayan mamacin ya sunkuyar da kai ya ce sun yafe duniya da lahira, ba za su ci kuɗin jini ba. Jama'a suka ce Allah ya yi albarka. Washegari aka je aka sa hannu, aka saki mota. Matar tana cikin ɗaki tana takaba, babu wanda ya leƙa ya tambaye ta. Kafin shekara ta zagayo an cire manyan yaran biyu daga makaranta, ɗaya yana tura baro.

Wannan ita ce hanyar da kusan kowace irin wannan magana take ƙarewa a garin nan, kuma muna kiranta tawakkali. Ni ba malamin fiƙihu ba ne, amma aya ta 92 a Suratun Nisa'i a fili take: wanda ya kashe mumini bisa kuskure, akwai kaffara a kansa, akwai kuma diyya da za a miƙa wa iyalan mamaci, sai fa in su suka bar ta sadaka. Allah da ya ƙaddara mutuwar shi ne ya wajabta diyyar, bai ce ɗaya ta kore ɗaya ba. Diyya kuma gado ce, ana raba ta yadda ake raba gado, matar tana da rabo, marayu suna da rabo. Wa ya ba baffa ikon yafe rabon maraya don ya ji kunyar baƙi? Jihar da ke da kotunan shari'a da Hukumar Shari'a da Hisbah bai kamata ta bar wannan a hannun zaman tabarma ba. Ina roƙon a hana rufe duk wata maganar kisa a hanya har sai alƙali ya ji ta bakin matar, an kuma tsare haƙƙin ƙananan yara. Malamanmu su ma su taimaka a kan mumbari. Sun sha karanta mana yadda Sayyadina Umar ya juya da jama'a daga hanyar Sham saboda annoba, da aka ce masa gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya ce daga ƙaddarar Allah muke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Gyara birki da rage gudu da rufe kwalbati duk cikin wannan gudun suke.

Ga kuma inshora, wadda da yawanmu muka ɗauka takardar nuna wa ɗan sanda ce kawai. Wata doka ta 1945 ce ta fara wajabta wa kowace mota inshorar da za ta biya wanda aka ji wa rauni ko iyalan wanda aka kashe, kuma daga Janairun 2023 kuɗinta ya koma naira 15,000 a shekara ga motar gida. Mutane suna biya, wasu kuma suna sayen ta jabu a bakin ofishin lasisi. Ban taɓa jin iyalan wani mai keke da suka karɓi ko sisi ta wannan hanya ba, don babu wanda ya taɓa gaya musu akwai ta. Tebur ɗaya a Ma'aikatar Shari'a, da lauya ɗaya da zai riƙa bi wa irin waɗannan iyalai haƙƙinsu, zai canza lissafin masu motoci. Ranar da take mutum ya fara cin aljihun kamfani, ranar kamfani zai fara duba wanda yake miƙa wa makulli.

A wurin haɗari ma muna asarar waɗanda da sun rayu. Jama'a su kewaye mutum, wasu su zaro waya suna ɗauka, kowa yana tsoron ya kai shi asibiti a riƙe shi a matsayin mai laifi ko a ce ya ajiye kuɗi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, Hukumar Kiyaye Haɗurra kuma tana da lambar kira kyauta, 122. Mutum nawa ne a Kurna ko Ɗorayi suka san da waɗannan biyun? Gidajen rediyon Kano sun fi a ƙirga, sanarwar minti ɗaya bayan labarai ta isa.

Mu ma masu keke muna da namu, ba zan ɓoye ba. Akwai mai tafiya da dare cikin baƙar riga, ba fitila, ba danja, cikin hazon hunturu. Akwai wanda birkinsa silifas ne. Akwai mai kama bayan tirela ta ja shi a hawa, da mai ɗora yara uku, da mai toshe kunne da waƙa. A yi mana faɗa a kan waɗannan, a kama mu in ya kama. Abin ƙyalli na manna wa keke a baya da 'yar riga mai ɗaukar ido ba su kai kuɗin buhunan da ake rabo lokacin siyasa ba, kuma in aka bi ta hannun masu gyaran keke da makarantu da kasuwanni, cikin wata guda za su karaɗe gari. Sai dai a tuna, kuskuren mai keke kansa yake ci, kuskuren mai mota kuwa wani yake ci. Kuma abin da ke raba karaya da mutuwa gudu ne. Ƙa'idar hanya ta ƙasar nan ta ce kilomita 50 a awa a cikin gari. Wa yake bin ta a Titin BUK ko Titin Haɗeja bayan sallar isha'i? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar wanda mota ta buge yana ninkuwa sau huɗu da rabi tsakanin gudun kilomita 50 da 65. Taron ministocin duniya da aka yi a Stockholm a 2020 ma cewa ya yi a sauko da shi zuwa 30 a duk inda motoci ke cakuɗa da masu ƙafa da masu keke, wato kamar bakin kasuwannin Kwari da Singa da Rimi da ƙofar kowace makaranta.

A nan nake son in yi magana da Shugaban KAROTA. Tun da aka kafa hukumarku a 2012, Kanawa sun shaida kuna da ƙarfi. Kun sa mutanen da ba su taɓa tsayawa a danja ba sun koyi tsayawa. Amma ƙarfin ya fi tafiya wajen takardu da lodi da tara, abubuwan da ake kamawa a tsaye. Gudu ba a kama shi a tsaye, sai da na'urar auna shi, kuma sai an fito a lokutan da ake yin sa: da asuba, da gab da magariba, musamman cikin azumi da kowa ke rige-rigen shan ruwa a gida, da kuma dare. Ita ma Hukumar Kiyaye Haɗurra tun 2017 ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu. A tare tifofin da ke jigilar yashi zuwa cikin gari a duba guda nawa ke ɗauke da ita tana aiki. Direban tifa da yawan sawu ake biyansa, don haka duk wa'azin da za a yi masa ba zai kai ƙarfin lissafin aljihunsa ba, sai an haɗa da mai motar. A kuma ware wa adaidaita wuraren tsayawa a manyan tituna, a zauna da shugabanninsu a shata su tare, don in aka yi ba da su ba, ba za ta ɗore ba.

Za a ce hanyar keke abin Turawa ne. To Tamale da ke arewacin Gana, inda 'yan'uwanmu Hausawa suke zaune tun kaka da kakanni, tana da hanyoyin keke a gefen manyan titunanta, Wagadugu ma haka, kuma babu wadda ta fi Kano arziki a cikinsu. Su kansu mutanen Holan da ake misali da su ba da haka suka tashi ba. A 1971 mutum wajen 3,300 suka mutu a titunansu, fiye da 400 yara ne. Iyaye suka fito zanga-zanga suna cewa a daina kashe musu 'ya'ya, tsadar mai ta 1973 ta zo ta ƙara tura su, gwamnati ta fara raba hanyar keke da ta mota. Yau masu mutuwa a titunansu ba su kai rubu'in wancan adadi ba, alhali jama'a da motoci sun ƙaru. Mu ma ga tsadar man ta same mu, ga mutane sun koma keke da kansu ba tare da an roƙe su ba. A 2001 wani ministan sufuri, Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran 'yan Najeriya su hau keke, har ya hau da kansa zuwa ofis a Abuja, bas ta ture shi cikin rami. Aka yi ta dariya, maganar ta mutu a nan. Abin da ya kamata a ɗauka daga faɗuwarsa shi ne ba a kiran mutane su hau keke kafin a gyara musu inda za su bi.

Kuma fenti kaɗai ba zai yi ba, wannan kowa ya san halinmu. In aka ja farin layi aka ce nan na keke ne, kafin sati mai shayi ya kafa benci, mai mota ya samu wurin ajiya. Sai an sa dakali na kankare da taya ba za ta haura ba, faɗin da keke biyu za su wuce, sannan a ɗora wa hukumar kwashe shara ta REMASAB kwashe yashin, hukumar gyaran tituna ta KARMA kuma ta rufe kwalbatoci ta cike ramukan gefe. Kano shimfiɗaɗɗiya ce, kusan ba tudu ba gangare, manyan titunanta kuma suna da faɗin da za a yanki wannan ba tare da an rushe gidan kowa ba. A gwada da titi ɗaya tak, wanda lissafin gawarwaki ya nuna ya fi ci, a haɗa masa da fitilu masu aiki da tudun rage gudu na ƙa'ida, ba irin wanda matasan unguwa ke ginawa cikin fushi washegarin an kashe musu yaro ba. In shekara ta zagayo a sake ƙirgawa a gani.

Na san amsar da aka saba bayarwa, cewa Titin Zariya da na Katsina da na Maiduguri na Gwamnatin Tarayya ne. Gaskiya ne. Amma gadar Dangi a kan Titin Zariya take, ta Hotoro a kan na Maiduguri, kuma jiha ce ta nemi izini ta gina su da kuɗinta. Wanda ya samu izinin kafa gadar biliyoyin naira ba zai rasa izinin jera dakali ba. Abin da ya fi sauƙi ma, wanda ba ya buƙatar izinin kowa sai naka, Ranka ya daɗe, shi ne titunan da har yanzu suke kan takarda. Gyara zane kafin a zuba kankare kusan kyauta ne, bayan an zuba kuwa sai an fasa. Ina roƙon ka ba Ma'aikatar Ayyuka da hukumar tsara birane ta KNUPDA umarni a rubuce cewa daga yanzu duk zanen titi ko gada da aka kawo, kada a sa masa hannu sai ɗan kwangila ya nuna da yatsa inda mai keke zai shiga, inda zai bi, da inda zai fita.

Allah ya yi muku jagora, ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin makaranta mai hawa keke,
Kano.